Anti Katumi ta Ɗakin Masu Injin Zuciya

Shekara da shekaru, kafin Turkawan unguwar Edmonton a London su ɗaga ƙofofin shagunansu, Anti Katumi ta riga ta sauko daga benen council, gidan hayar hukuma da take zaune, tana tsaye a tashar bas da jakarta a kafaɗa. Daga bas sai jirgin ƙasa, daga jirgi sai tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. In ta isa asibiti ta sauya kaya, ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta bi gadaje ɗaya bayan ɗaya tana gaida kowa da sunansa, har waɗanda ba sa iya amsawa. Daga nan sai aiki: wanka, aske gemu, sauya zanen gado da mutum a kai, kwashe kashi da fitsari, murza baya da mai don kada kwanciya ta ci fata. Da hantsi ma'aikatan ɗakin sukan taru a gindin kowane gado su tattauna. Likitoci a gaba, manyan nas a bayansu. Ita kuma wurinta can wajen ƙofa, hannu a baya.

Sunana Jamilatu, matar marigayi Nata'ala, ina zaune a Camberwell da 'ya'yana mata biyu. Ku Hausawan London, yawancinku kun san ni, wasunku sun zo ta'aziyya. Amma ƙalilan ne a cikinku suka san matar da zan yi magana a kanta, alhali yarenku take yi, alƙiblarku take fuskanta. A watan jiya aka sallame ta daga aiki. An yanka kek a ɗakin shan shayin ma'aikata, an tafa, kowa ya koma bakin aikinsa kafin shayin ya huce. Ni kaɗai ce Bahaushiya a wurin. Ba zan ambaci sunan asibitin ba. Ba shi na zo yi wa jinjina ba.

A zangon Kumasi aka haife ta. Ta biyo mijinta Issahaku zuwa Ingila tana da ƙuruciyarta, da niyyar zama cikakkiyar nas. Da ta je neman makaranta, aka ce mata gajeren kwas ya fi dacewa da irinta. Ba ta san bambancin ba sai da ta gama, ta tarar takardar da aka ba ta ta ƙaramar nas ce, wadda ba a hawa ko'ina da ita. Tun farkon shekarun tamanin take ɗakin masu ciwon zuciya. 'Yan matan da ta koya wa yadda ake juya majinyaci sun zama Sister a kanta, wasu sun zama manajoji. Ta sha neman ƙarin kwas, kullum amsar ɗaya ce: an cika, ki dawo baɗi. Sunanta ma ya yi musu nauyi a baki, suka mai da ita Kate. A wajen mutanenmu kuwa, na ji da kunnena a gidan suna wata hajiya na cewa, "Wace Katumin? Au, 'yar Ghanar nan mai wanke Turawa?"

To, ga yadda mai wanke Turawa ta wanke namu.

Nata'ala ya zo karatun digiri na uku ne a fannin noma. Mutum ne mai jiki, mai son dariya, bai taɓa kwana a asibiti ba. A ƙarshen shekarar casa'in da biyar ya yi mura, murar ta wuce ta bar shi da haki. Ƙafafunsa suka kumbura, hawa matakalar gidanmu ya gagare shi. Likitoci suka ce ƙwayar cutar ta ci naman zuciyarsa, babu magani sai dashen wata zuciyar, kuma tasa ba za ta kai shi lokacin da za a samu ba. Don haka suka yi masa tiyata suka sa masa inji. Famfo ne suka dasa masa a ciki yana taya zuciyar tura jini. Wani bututu ya fito ta gefen cikinsa ya shiga wani akwati mai taya, kamar ƙaramin firji. Akwatin yana ƙara dare da rana, kamar ana daka a maƙwabta. In ya tsaya, mijina ya tsaya.

Ranar da aka fara barina in gan shi, na tsaya a bakin ƙofa ƙafata ta ƙi shiga. Ina ta salati a fili ban sani ba. Sai na ji wata murya a bayana da Hausa.

"Yarinya, ka shiga. Mijinka ne, ba dodo ba."

Na waiwaya, na ga wata gajeriyar mata mai ƙiba da koren yunifom, riƙe da kwanon wanka. Hausarta irin ta zango ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "ka" ne, kowa "ya" ne. Ta ajiye kwanon, ta kama hannuna ta ɗora a kan akwatin.

"Ka ji? Wannan yana yi masa aiki don nasa ya huta. Kar ka ji tsoronsa. Ka ci abinci yau?"

Na ce a'a. Ta ce to sai na ci kafin in yi kuka, don kuka ma da ƙarfi ake yinsa.

Zan faɗi gaskiya a kan mutanen ɗakin nan, don ba zan yi jinjina da ƙarya ba. Sun iya aikinsu. Babban likitan da ya yi tiyatar gwani ne. Akwai Fintan, ɗan Ireland mai kula da injin, wanda yake shigowa ya karkata kunne kamar mai sauraren numfashin jariri. Akwai Sister Scholastica, 'yar Inyamurai, ita ke wanke bakin ramin da bututun ya fito, don ƙwayar cuta ta nan take shiga. Akwai physio mai tayar da shi ya taka. Akwai mai haɗa magunguna da ke auna maganin tsinka jini, don in ya yi kaɗan jini ya daskare a famfon, in ya yi yawa ya ɓalle. Akwai mai tsara abinci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma na ga haka da idona. Amma kowannensu yana zuwa ne ya duba nasa ɓangaren ya wuce. Wani jini, wani inji, wani ƙafa. Wadda take wuni da mutumin gaba ɗayansa ita ce Katumi.

Nata'ala ya ƙi abincin asibiti, yana ta ramewa, aka ce in ya ci gaba haka za a cire sunansa daga masu jiran zuciya. Na kawo tuwo da miyar kuka a ɓoye, aka kama ni, aka yi mini faɗa, wai ganye yana rikita maganin jini. Na zauna ina huci. Katumi ta je ta kamo mai tsara abincin da hannu ta kawo ta gabana.

"Ga shi nan. Ka gaya masa duk abin da ke cikin miyan. Shi kuma ya gaya maka wanne za ka rage. Ni ba zan tsaya ina kallo mutum ya mutu da yunwa tsakanin mata biyu ba."

Muka zauna ni da Baturiyar nan, ina lissafa mata daddawa da kanwa da kuka, tana tambaya, Katumi na fassara inda Turancina ya ƙare. Muka tashi da yarjejeniya: gishiri kaɗan, ban da kanwa, kuka daidai gwargwado kuma kullum awo ɗaya, don mai magani ya san abin da zai daidaita. Daga ranar mijina ya koma cin tuwo a tsakiyar London da inji a cikinsa. Da safe kuma Katumi ta zo masa da koko a filas daga gidanta.

Salla ta fi abinci damunsa. Ba ya iya ruku'u, ba ya iya sujada, ruwa kuma ba ya zuwa kusa da bututun. Ita ta samo masa dutsen taimama, ta wanke shi ta nuna wa Sister Scholastica kafin ta ajiye a gefen gado. Ita ta roƙi Fintan ya sauya wa akwatin wuri don gadon ya dubi alƙibla. Fintan ya tambaye ta, in ya ja wayoyin haka, zai sami lada shi ma? Ta ce masa ya ja tukuna, za a duba maganarsa.

A cikin azumi aka ce an sami zuciya. Aka aske masa ƙirji, aka hana shi ci, aka sa hannu a takardu. Na kira gida Najeriya na ce a duƙufa da addu'a. Can da la'asar ƙaramin likita ya shigo yana sunkuyar da kai. Zuciyar da aka samu ba ta da kyau. An yi cancel, an fasa tiyatar.

Daga ranar Nata'ala ya juya wa duniya baya. Ya daina magana, ya kori physio, ya ce kada a sake kawo masa yara. Ya ce mini, "Jamila, kin san abin da nake yi a gadon nan? Ina jiran ɗan wani ya faɗi daga babur ya mutu, a ba ni zuciyarsa. Wannan ne addu'ar da kuke yi mini. Ku ce su kashe abin nan in huta."

Katumi tana goge masa ƙafa a lokacin, ba ta ɗago ba.

"Malam, ka gama?"

Ya kau da fuska.

"Wanda zai faɗi a babur, ba kai ka rubuta ranarsa ba. Ko kana nan ko ba ka nan, zai faɗi. Kai dai abin da aka ba ka shi ne yau. Fintan bai je bikin ƙanwarsa ba saboda injin nan. Scholastica bai ci abincin rana ba saboda ramin cikinka. Matarka ya bar yara wajen maƙwabta. Dukanmu muna ɗauke da kai, kai kuma kana ƙara nauyi. Miƙo ɗaya ƙafan."

Ya miƙa. Washegari da physio ta zo bai kore ta ba.

Da babbar salla ta matso, Katumi ta ƙudura sai ya ga rana. Tun da aka kwantar da shi bai taka waje ba. Fita da mai inji ba ƙaramin aiki ba ne: wani ya tura akwatin, wani ya riƙe famfon hannu ko da injin zai tsaya, wani ya tura sandar ƙarin ruwa, wani ya riƙe majinyacin, kuma sai likita ya yarda. Ba ta da ikon ba kowa umarni a ɗakin nan. Bin su ta yi ɗaya ɗaya tana roƙo, har kowa ya ba da lokacin cin abincinsa. A taron hantsi, daga can wajen ƙofarta, ta ɗaga murya ta tambayi babban likita. Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta, ya dubi Sister Scholastica, ita kuma ta gyaɗa kai. Ya ce to.

Ranar salla na kawo masa farar shadda, Katumi ta farke gefen rigar don bututun ya wuce. Muka sauka a lif kamar masu rakiyar ango, akwatin na daka a bayanmu. A ɗan lambun asibitin 'ya'yanmu Zaratu da Rukayatu suna jira da sababbin kaya. Ƙaramar ta tsaya nesa tana kallon akwatin.

"Daddy, does it hurt?"

Ya ce, "Zo nan, uwata. Ba ya ciwo. Ganga ce aka ba ni, don in riƙa yawo da makaɗina."

Ya ɗaga fuska sama ya rufe ido, rana na dukansa. Ya ci nama yanka biyu, mai tsara abinci na kallo ta kau da kai. Wannan ita ce sallarsa ta ƙarshe, kuma ba don ke ba, Anti, da a kwance ya yi ta yana kallon silin.

Bayan salla ya samu ƙarfi sosai. Kullum da rana sukan zagaya da shi a barandar ɗakin. Wata Talata ina tafe a bayansu, Fintan na tura akwati, physio na gefen dama, Katumi na hagu. Yana cikin ba su labarin noman gyaɗa sai maganar ta karye a bakinsa. Na ga fuskarsa ta karkace. Ya tafi gaba ɗaya ta hagu, nesa da akwatin, bututun ya miƙe kamar igiyar guga. Mutum ne dogo, ita kuwa ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Ba ta matsa ba. Ta shiga ƙarƙashinsa, ta rungume ƙugunsa, ta murɗa jikinta ta mai da shi wajen akwatin, suka zube tare, ita a ƙasa shi a kanta. Na ji ƙarar da bayanta ya yi. Bututun bai fita ba.

Mutane suka cika wurin, aka ɗauke shi da gudu. Ita tana kwance a ƙasa tana cewa, "Ku bar ni, ku duba line ɗin, ku duba bututun." Sai da aka gama da shi aka tuna da ita.

Jini ne ya ɓalle a ƙwaƙwalwarsa. Maganin da ke kare famfon shi ya buɗe wa jinin hanya, kuma tun farko an gaya mana hakan na iya faruwa. Ba na zargin kowa da wannan. Bayan 'yan kwanaki likitoci suka zaunar da ni suka ce ƙwaƙwalwar ta mutu, gwaji ya tabbatar. Abin da ya rage inji ne ke hura huhu, inji ke tura jini. Suna neman in fahimta kafin su kashe.

A ranar ne mutanenmu suka zo. Suka cika ɗakin jira da manyan riguna da ƙamshin turare. Alhaji Lawal, ɗan garinsu Nata'ala kuma babba a ƙungiyarmu ta Hausawa, ya tsaya a kaina.

"Jamilatu, kada ki kuskura. Ƙirjinsa na motsi, jikinsa da ɗumi. In kika yarda aka kashe injin nan, ke kika kashe shi, kuma haka za mu gaya wa danginsa a gida."

Sauran suka ce gaskiya ne. Na rasa inda zan sa kaina. Sai ga Katumi ta shigo, ba yunifom, da zane da mayafi, tana dogara sanda, mijinta na riƙe da ita. Tana hutun jinya, likita ya ce kada ta tashi daga gado. Sister Scholastica ce ta buga mata waya. Ta tsaya a gaban Alhaji Lawal tana haki.

"Alhaji, sannu da zuwa. Tun sanyi bawan Allah nan yana kwance a nan. Ban taɓa ganin fuskarka ba. Ranar da ya yi kuka ba ka nan, ranar da ya yi dariya ba ka nan. Yau ka zo ka ɗora wa yarinyan nan dutse a kai ka tafi gida ka ci abinci. Ni ba malami ba ne, kai ma ba malami ba ne. Ga malami nan."

Ashe ta biyo da Malam Abukari, limamin wani ƙaramin masallacin 'yan Ghana. Dattijon ya nemi likita, ya zauna ya yi ta tambaya, Scholastica da Katumi na fassara. Ya shiga ya dubi Nata'ala ya daɗe. Da ya fito ya ce a fahimtarsa, da abin da ya karanta wajen malamai, in masana amintattu sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu ba dawowa, ɗauke inji ba kisa ba ne, barin bawa ne ya tafi wajen Ubangijinsa. Ya dube ni ya ce, "'Yata, babu jini a hannunki." Alhaji Lawal ya ce shi dai ya faɗi nasa, ya karkaɗe riga ya fita, rabin ɗakin suka bi shi.

Bayan azahar muka shiga. Duk mutanen ɗakin suka zo ba wanda ya kira su, har mai haɗa magunguna da mai tsara abinci, suka jeru a jikin bango. Malam na karatu. Ina riƙe da hannunsa na dama. Katumi ta sa aka kawo mata kujera ta zauna wajen kansa, tana maimaita masa kalmar shahada a kunne. Fintan, wanda ya yi watanni yana tsaron kada abin nan ya tsaya ko na ƙiftawar ido, shi aka ce ya kashe. Ya dubi Katumi, ta gyaɗa masa kai. Dakan ya tsaya. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba. Katumi ce ta shafe wa Nata'ala ido.

Yanzu ku ji sakayyar da aka yi mata.

Bayanta bai warke ba. Ƙashin ya goce ya danne jijiya, aka yi mata aiki bai yi ba. Hukumar asibiti ta kira zama don a binciki yadda ta ji rauni, aka gayyace ni shaida. Wata manaja da ban taɓa gani a ɗakin ba ta buɗe littafin dokoki ta karanta mana cewa ba a yarda ma'aikaci ya tari majinyacin da ke faɗuwa ba, ana binsa ne a hankali har ya kai ƙasa. Don haka, in ji ta, Kate ta saɓa ƙa'ida, raunin da ta ji ita ta jawo wa kanta.

Fintan ya miƙe fuskarsa ja wur, ya ce da ta bi ƙa'idar da bututun ya tsinke, da mutumin ya zubar da jininsa a barandar nan a gaban matarsa. Physio ta faɗi haka. Sister Scholastica ta buga tebur. Na faɗi abin da na gani ina kuka. Manajar ta ce ta gode, ta fahimci yadda muke ji. Babban likita, wanda kalmarsa ɗaya za ta iya juya zaman, bai zo ba. Ya tafi taro ƙasar waje. An ce mini a can ya yi jawabi mai kyau a kan yadda ma'aikatansa ke aiki kamar tsintsiya maɗauri ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo.

Aka mai da ita wajen amsa waya na ɗan lokaci, zama ya gagare ta, tsayuwa ta gagare ta. Daga nan sai kek.

Anti Katumi, turmi sha daka. Ke ce kika ga tsiraicin mijina kika rufa masa asiri, ba ki taɓa bari ya ji kunya ba. Ke ce kika mai da taron ƙwararru ya zama gida. Ke ce kika ba ni kwanakin da na zauna kusa da shi na yi ban kwana a natse, maimakon in tuna shi cikin jini a ƙasa. Da lafiyarki kika saya mini wannan, kuma ba ki taɓa gaya mini farashin ba. Na tambaye ki ko kina da-na-sani, tun da duk da haka ya rasu. Kika ce, "Lokacin da mutum yana faɗuwa, ba a tambaya ko zai rayu." Mijina ɗaya ne cikin ɗaruruwa. Akwai Turawa da Indiyawa da 'yan Jamaika da ke yawo a garin nan da zuciyar wasu a ƙirjinsu, waɗanda kika wanke, kika ciyar, kika yi wa faɗa har suka kai ranarsu. Na tabbata suna tuna sunan likitansu.

Ba asibiti kaɗai nake jin haushi ba. Su baƙi ne, ba su san ta ba. Mu fa? Muna kama zaure a Old Kent Road mu karrama wanda ya zo daga gida da muƙami, mu yi masa kirari, mu ɗauki hoto da shi, gobe ya hau jirgi ya manta da mu. 'Ya'yanmu kuwa muna ce musu su zama likitoci, in yarinya ta ce nas take so sai mu ɓata fuska. Ranar da ɗayanmu zai kwanta, Allah Ya kiyaye, likita zai zo ya duba shi ya wuce. Wanda zai zauna ya goge masa baki shi ne irin wanda muke rainawa. Duk mai aiki a cikinku, a asibiti ne ko a ofis, ya dubi wanda ke tsaye wajen ƙofa in ana taro, ya matsa masa ya shigo ciki. Matasanmu masu shiga aikin jinya, ku yi shi kamar yadda ta yi, amma kada ku yi shiru kamar yadda aka sa ta yi.

Na gode, Anti. Zaratu da Rukayatu sun gode. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa abin da kika ɗauka ya zama nauyi a mizaninki, Ya tare ki ranar da kowa ke faɗuwa.

Na je wajenta ranar Lahadin da ta wuce. Tana hawa na tara, lif ɗin benen ya lalace tun watan jiya, council sun ce suna zuwa. Rabonta da sauka ƙasa tun ranar kek. Malam Issahaku yana fita aikin gadi, ita kaɗai take wuni. Na gaya mata zan yi rubutu a kanta, ta ce in bari, wa zai karanta labarin tsohuwa. Na ce to in sun karanta, me zan ce su kawo mata? Ta juya tana kallon taga, motoci na wucewa can ƙasa.

"Kar su kawo komai," ta ce. "Su zo kawai. Su zo da yara, su yi mini ɓarna. Gidan ya yi shiru da yawa."